Akwalar Da Ta Fi Sabuwa Tsada: Tarihin Motoci Masu Ƙwanji Na Amurka

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba, da waɗanda dama sun fi son su karanta a nutse.

Yau hirar mota za mu yi. A watan Yunin 2014, a wajen wani gwanjon motoci da kamfanin Mecum ya shirya a birnin Siyatil na Amurka, an turo wata Plymouth Hemi 'Cuda ƙirar 1971 mai buɗaɗɗen rufi. Shekararta 43 a lokacin. Ranar da ta fito fil daga kamfani kuɗinta bai kai dala 6,000 ba. A ranar gwanjon, dala miliyan 3.5 aka saye ta. Motar da in ka tsaya a gidan mai sai ka riƙe baki, birkinta bai kai na Corolla ba, kuma akwai lokacin da irinta ko a araha ba a rububinta. To me mutumin ya saya da waɗannan kuɗi?

Amurkawa suna kiran wannan dangin motoci muscle car, mu a nan bari mu ce musu motoci masu ƙwanji. Da yawanku kun san su ko ba ku san sunansu ba. Baƙar motar nan da Dom yake tuƙawa a fim ɗin Fast and Furious na farko, wadda take ɗaga gabanta sama in ya taka totur, Dodge Charger ce ƙirar 1970. Fasalinsu ba wuya: a ɗauko bodin mota matsakaiciya mai ƙofa biyu, a cusa mata injin V8 na babbar mota, ƙarfin ya tafi tayoyin baya, sannan a sa farashin da matashi mai aikin masana'anta zai iya biya. Shi ke nan. Kuma duk zamanin nasu bai wuce shekara goma ba, daga 1964 zuwa 1974.

Labarin ya faro ne da karya doka, ko in ce da zagaye ta.

A farkon 1963 shugabannin General Motors, wanda shi ne kamfanin mota mafi girma a duniya a lokacin, suka hana dukkan rassansu shiga tseren motoci. Wannan ya bugi reshen Pontiac fiye da kowa, domin da tsere ya wanke kansa daga sunan da ya yi na motar tsofaffi. Bayan haka akwai wata ƙa'ida ta cikin gida: ba a yarda a sa wa matsakaiciyar mota injin da ya wuce kimanin lita 5.4 ba. Babban injiniyan Pontiac a lokacin wani mutum ne mai taurin kai, John DeLorean. Shi da abokan aikinsa Bill Collins da Russ Gee sukan haɗu ranar Asabar a filin gwajin motoci na kamfanin da ke Milford a jihar Mishigan. Wata rana an ɗaga sabuwar Tempest sama suna leƙen ƙasanta, sai Collins ya lura cewa injin lita 6.4 na manyan motocinsu, ta waje girmansa ɗaya da na lita 5.3 da ke cikinta. Wato zai zauna daram ba sai an yanka komai ba. Suka sa, suka tuƙa, suka ga abin da suka gani.

Saura ƙa'ida. Sai suka duba suka ga ai ita ƙa'idar kan sabon samfurin mota take magana, ba ta ce komai a kan ƙarin kayan da mai saye zai zaɓa da kansa ba. To sai ba su ƙirƙiri sabuwar mota a takarda ba. Suka ce Tempest LeMans ce dai, amma in ka ƙara kimanin dala 295 za a ba ka wani ƙunshi mai suna GTO. A cikin ƙunshin akwai injin mai ƙarfin doki 325, in kuma ka zaɓi mai kafireta uku ya kai 348. Shugaban reshen, Pete Estes, ya sa hannu, da sanin cewa in abin ya kwaɓe kujerarsa ce a kan layi. Shi kuwa mai kula da ciniki bai yarda za ta sayu ba, ya ce a tsaya a 5,000. A shekarar farko sun sayar da 32,450. Da manyan General Motors suka ga kuɗi na shigowa, maganar ƙa'ida sai ta bi ruwa. A 1966 an sayar da GTO kusan 97,000.

Sunan ma aro ne ba da izini ba. GTO sunan wata Ferrari ce ta tsere, ƴar Italiya, mai tsadar gaske, kuma masoya Ferrari sun ji haushi ƙwarai. Mujallar Car and Driver ta ƙara wa wutar fetur a watan Maris na 1964, da ta gwama motocin biyu a bangonta, ta kuma buga wani irin gudu da ya ba kowa mamaki. Sai bayan shekaru da yawa Jim Wangers, mai tallan Pontiac, ya amsa da bakinsa cewa motar da aka auna gudunta an sauya mata inji da wanda ya fi girma, mai lita 6.9. Ku riƙe wannan, domin maguɗi zai sake dawowa a labarin nan. Shi kuma DeLorean, in kun taɓa kallon Back to the Future, motar nan mai ƙofofi kamar fikafikai tasa ce, bayan ya bar General Motors ya kafa nasa kamfanin da ya rushe. Wannan hirar wata rana ce.

Me ya sa abin ya karɓu haka? Lokaci ne ya dace. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka koma gida, aka yi ta aure da haihuwa. Tsakanin 1946 da 1964 an haifi yara kimanin miliyan 76 a Amurka, kuma ƴan farkonsu sun cika shekara 18 daidai shekarar da GTO ta fito. Aiki yana nan, yaro zai gama sakandare ya shiga masana'anta ya karɓi albashin da zai biya mota kaɗan-kaɗan. Gwamnati tun 1956 take shimfiɗa manyan tituna masu haɗa jihohi. Fetur kuma, galan ɗaya, wato kusan lita 4, wajen santi 30 ne. Wa zai damu don mota tana shan lita ɗaya a kilomita 4 ko 5? Da daddare a titin Woodward da ya fita daga birnin Ditroyit, samari sukan jera a danja, fitila na canzawa a ga wanda zai riga. Har injiniyoyin kamfanonin sukan fito da motocin gwaji su shiga cikinsu a ɓoye, don su ga yadda kayansu yake a gaban na abokan hamayya.

Daga nan gasa ta kaure. Ford ya riga ya fito da Mustang a ranar 17 ga Afrilun 1964, ya sayar da fiye da 400,000 cikin shekara guda, ko da yake masu tsattsauran ra'ayi a harkar suna ware ta a wani rukuni na ƙananan motoci, sai in babban inji gare ta. Chevrolet ya kawo Chevelle SS, Oldsmobile ya kawo 442. Chrysler, mai Dodge da Plymouth, ya ɗauko injin Hemi mai lita 7 da aka ƙera don tsere ya sa a motar titi. A 1968 Plymouth ya ga farashi ya fara gudu ya bar matasa, sai ya yi wata mota tsurarta, ba ado ba komai sai inji, a ƙasa da dala 3,000. Ya biya kamfanin Warner Bros dala 50,000 don ya sa mata sunan tsuntsun katun ɗin nan mai gudu, Road Runner, har hon ɗinta aka yi shi da irin kukansa. Akwai kuma Charger Daytona da Superbird, masu tsinin hanci da wani dogon fiffike a baya da ya fi rufin motar tsayi. A watan Maris na 1970 Buddy Baker ya wuce mil 200 a awa da Daytona a filin Talladega, wato sama da kilomita 320. Amma a wajen dillalai Superbird kwantai ta yi, mutane suna ganin munin ta, har wasu dillalan suka riƙa cire hancin da fiffiken don su samu su rabu da ita. Yau wadda ta tsira da fiffikenta kuɗin gida ce, gida ma na gani na faɗa.

Ƙololuwar abin 1970 ce, lokacin da Chevelle ta fito da inji mai lita 7.4 da ƙarfin doki 450. Daga nan sai gangara, kuma da sauri.

Mutane da yawa suna cewa tsadar mai ce ta kashe su. Ni a ganina mai ya zo ne ya tarar da gawa ta kusa sanyi. Waɗanda suka fara kai sara kamfanonin inshora ne. Yaro ɗan shekara 19, ƙarfin doki 400, siraran tayoyi, ga birkin ganga irin na motar kai yara makaranta, domin GTO ta 1964 da birkin Tempest ta fito ba wani ƙari. Haɗura suka yi yawa, sai inshora ta tsauwala kuɗi a kan matasa masu manyan injina, har wani ya ga abin da zai biya inshora a wata yana neman kamo abin da yake biya na motar. Tun 1965 dama lauya Ralph Nader ya fitar da littafinsa da ya tona yadda kamfanoni suke wasa da rayukan mutane, a 1966 aka yi dokar kiyaye lafiyar masu mota. Ga kuma yaƙin Biyetnam yana kwashe samarin da su ne masu sayen, Amurkawa sama da 58,000 ba su dawo ba.

Sai dokar tsabtace iska ta 1970. Waɗannan injinan ƙarfinsu ya dogara ne da matse cakuɗen iska da fetur sosai a cikin silinda kafin fulogi ya ba da wuta, kuma hakan yana buƙatar fetur mai dalma a ciki. Dalma guba ce, tana lalata ƙwaƙwalwar yara, tana kuma kashe na'urar tace hayaƙi da aka fara ɗaura wa motoci a 1975. Don haka tun ƙirar 1971 General Motors ya rage matsin injinansa, ƙarfi ya faɗi. A shekarar ce aka yi Hemi ta titi ta ƙarshe. Cinikin GTO ya sauko wajen 10,500. A 1972 kuma aka sauya yadda ake auna ƙarfin doki, aka koma auna inji da duk kayansa a jiki, salansa da komai, maimakon tsirararsa a kan benci. Lambobin da ake taƙama da su suka zube a takarda dare ɗaya.

Sannan Oktoban 1973 ya zo. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Isra'ila da Masar da Siriya, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai, Saudiyya ta Sarki Faisal a gaba, suka hana sayar wa Amurka mai. Ganga ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan 12 cikin ƴan watanni. Amurkawa suka ɗanɗani layin mai, a wasu jihohi har da rabon kwana bisa lambar mota. A Janairun 1974 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta ƙayyade gudu a mil 55 a awa, kusan kilomita 89. Ka sayi motar da za ta yi 200, an ce kada ka wuce 89. A shekarar aka yi GTO ta ƙarshe ta wancan zamani, wajen 7,000 kacal.

Abin da ya ba ni sha'awa a nan shi ne, tashin farashin da ya rufe wannan babi a Ditroyit shi ne ya buɗe wani a wajenmu. Najeriya ta shiga OPEC a 1971, ba ta cikin masu takunkumin, sai kuɗi suka yi ta kwarara zamanin Gowon. Aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Wato lokacin da saurayin Mishigan yake neman wanda zai karɓi Charger ɗinsa ko nawa ne, a lokacin kakanninmu da iyayenmu suke ɓare ledar 504.

Ƙarshen shekarun 1970 ya zama lokacin wulaƙanci ga waɗannan motoci. Suka koma hannun ƴan makaranta marasa kuɗi, aka yi ta dukan su har suka mutu. A jihohin arewa da ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, tsatsa ta cinye su daga ƙasa. Wasu aka kai wa ƴan gwangwan aka matse. Wani shirin talabijin, The Dukes of Hazzard, da aka yi daga 1979 zuwa 1985, shi kaɗai ya farfasa Charger ɗari biyu da wani abu zuwa ɗari uku wajen tsalle-tsalle, don a lokacin ba wanda yake ganin asara ce. Sauran aka tura rumbunan gona da bayan gidaje, kaji suka yi ta ƙwai a kujerunsu.

To, yaron da yake da shekara 18 a 1968, a 1990 ya zama magidanci ɗan 40, a 2005 ya tara abin da ya tara, yara sun tashi. Me zai saya? Motar da ya sayar da zai tafi soja, ko wadda ya sayar da aka yi masa haihuwar fari, ko wadda ya riƙa leƙe a tagar dillali ba shi da kuɗinta. Masu nema suka yi yawa, abin nema ya yi kaɗan. Ita 'Cudar da muka fara da ita, irinta mai Hemi da buɗaɗɗen rufi ƙirar 1971 ƴan ƙalilan aka ƙera a duniya, saboda a lokacin ba mai so. Rashin farin jininta jiya shi ne tsadarta yau.

Yanzu bari mu shiga gareji, domin nan ne zuciyar maganar. Maido da irin wannan mota ba faci da fenti ba ne irin na a rufe ido a sayar. Kwance ta ake yi kaf, har noti na ƙarshe, kowane a sa shi a leda a rubuta inda ya fito. A ɗaure ƙwarangwal ɗin a wani ƙarfe mai juyawa kamar ana gasa rago, a kankare fenti har sai farin ƙarfe ya fito. A nan ne gaskiya take bayyana, ka ga inda wani ya cika rami da fawul shekara talatin da suka wuce. A yanke ruɓaɓɓen ƙarfe a yi waldar sabo. Shi ya sa ake rububin motocin Arizona da Kalifoniya, inda ƙasa take a bushe. Aiki ne na shekaru, kuma ƴan harkar da kansu suna faɗa cewa in ba mota ce ta musamman ba, abin da za ka kashe ya fi abin da za ka sayar da ita.

Masu zurfi a ciki har wani abu suke yi mai kama da hauka. Suna neman kafireta da lagireto masu ɗauke da kwanan watan da ya dace da makon da aka harhaɗa motar. Suna maido da alamun alli da fenti da ma'aikata suka shafa a ƙasan mota a kan layin haɗi. Har feshin fentin da ya zarce inda bai kamata ba suke kwaikwaya, domin haka ta fito daga kamfani. In ka gyara ta ta fi yadda Ditroyit ta yi ta kyau, alƙalan gasa rage maka maki za su yi. Duk bakaniken da ya taɓa kwana uku yana yawo a Ƙofar Ruwa ko Panteka don neman wani ɗan ƙarfe guda na tsohuwar mota ya san wani yanki na wannan ciwo.

Inda kuɗi suka taru kuwa, maguɗi ba ya nisa. Kun tuna GTO ta farko ƙunshi ce kawai a kan LeMans? To a 1964 da 1965 lambar shasi ba ta nuna bambanci. Sai ka sayi LeMans mai araha, ka sa babban inji, ka manna tambari, ta zama GTO. Ƴan harkar suna zolaya cewa GTO ɗin da ke yawo yau sun fi waɗanda Pontiac ya ƙera yawa. Dabarar da DeLorean ya yi wa shugabanninsa ita ce ta bar wa ƴan damfara ƙofa. Don haka yanzu takarda ce sarki. Akwai masu ajiye kwafin rasitan Pontiac na asali, ka tura lamba su gaya maka yadda motarka ta fito. Ana duba ko lambar da ke jikin inji ta yi daidai da ta mota, domin injin asali kaɗai yana iya ninka farashi. A motocin Dodge da Plymouth kuwa, ma'aikata sukan cusa takardar haɗi a cikin wayoyin kujera ko ƙarƙashin kafet su manta da ita. Mutum zai ɗaga kujerar baya da hannu na rawa, in ya ga ƴar takardar nan da ta yi ruwan ƙasa, ɓera ya ci gefenta, to ya tsinci dami a kala.

In gudu ake nema, gaskiya ba su da shi a ma'aunin yau. Camry mai V6 ta ƴan shekarun nan za ta iya barin GTO ta 1964 a danja, da sanyin AC, ba tare da ta sha rabin man ba. Shi ya sa wasu suke barin bodin tsohuwar su sa mata inji da birki na zamani, masu ra'ayin asali kuma suna kallon su kamar sun yi saɓo. Ni dai na fi fahimtar masu asalin. Abin da ke jan mutum a nan shi ne mota ce da kake ganin yadda take aiki. Ka buɗe bonet ka ga komai, ba kwamfuta, ba sai an jona na'ura ta gaya maka ciwonta ba, da sifana da kunne za ka gano. Ga ƙarar nan ta V8, wadda take fita kamar ana gurnani a ƙirji saboda silindojin ɓangarorin biyu ba sa ba da wuta bi da bi daidai. Ga kuma cewa kamfanonin da kansu sun tafi. An rufe Plymouth a 2001, an rufe Pontiac a 2010 bayan General Motors ya durƙushe, ko Challenger ta zamani da Dodge ya farfaɗo da ita an daina ƙera ta a Disambar 2023. Damuwar ƴan harkar yanzu ita ce masu wannan ƙauna sun haura 70. Wanda ya tashi da Skyline da Supra a fim da wasan kwamfuta, zai biya miliyoyi don ƙuruciyar kakansa?

Kuma akwai wata mota da ta rikita lissafin masu gyaran gaba ɗaya. A 1968 Steve McQueen ya yi fim ɗin Bullitt, inda ya bi wata baƙar Charger da koriyar Mustang a kan tuddan San Faransisko na kusan minti goma. A 1974 wani magidanci ya ga tallan ɗaya daga cikin Mustang biyun da aka yi fim ɗin da su a bayan wata mujallar motoci, ya saye ta da ƴan dubban daloli. A 1977 McQueen da kansa ya rubuto masa wasiƙa yana neman ya sayar masa, mutumin ya ƙi. Matarsa malamar makaranta ce, da ita take zuwa aiki, har kulocin ya lalace a 1980 aka ajiye ta. A shekarar McQueen ya rasu. Motar ta yi kusan shekara 40 a ɓoye, iyalin ba sa gaya wa kowa. Mai ita ya rasu bai ƙarasa gyaran da ya fara ba, ɗansa ya ɗora. Ya tayar da injin, amma bai taɓa bodin ba. Fentin ya koɗe, tsatsa tana nan a bamba, ga ƙarafan da aka yi wa walda a ƙasa don ɗaura kyamara, ga ramin da aka huda a but. A haka aka nuna ta a baje kolin motoci na Ditroyit a Janairun 2018.

A Janairun 2020 aka kai ta gwanjo a Kissimmee ta jihar Fulorida. Da kuɗin dillalai, dala miliyan 3.74 aka biya. Da yaron nan ya kai ta an kankare an fesa mata sabon fenti, da ya goge mafi yawan abin da aka saya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.